Ƙudan Zuman Maƙwabci

"Rufe taga! Rufe taga!"

Kafin ta juyo, ƙudan zuma sun cika falon kamar baƙin hayaƙi, Abbanta na birgima a kan kafet. Wani saurayi ya faɗo ɗakin, ya yi wani siririn fito. Take ko'ina ya yi tsit. Ƙudan suka bi shi waje a jere.

Sabon maƙwabcinsu ne, mai kiwon zuma. Da suka haɗa ido gabanta ya faɗi, kuma ba duka tsoro ba ne.

Abba ya dawo daga asibiti ido a kumbure.

"Kotu zan kai shi! Karatun lauyan naki na ado ne?"

Oganta a ofis, wanda ya daɗe yana sonta, ya karɓi shari'ar jiki na rawa.

Da yamma saƙon maƙwabcin ya shigo wayarta: "Yaya jikin Abba?"

"Da sauƙi. Amma doka ba ruwanta da niyya. Wanda ya ajiye abu mai haɗari, in ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi zai biya diyya."

"Na yarda, lauyata. Ke dai kar ki tsane ni."

Tun daga ranar, duk saƙon da ya turo, sai ƙuda ɗaya ya sauka a gilashin tagarta ya tsaya cak, kamar yana karantawa.

Abu ɗaya ke hana ta sukuni: a ranar ta ga Abba ya jefi amyar ƙudan da dutse ta kan katanga. Saurayin ma ya gani. In ya faɗa, mahaifinta ya kunyata, auren da suke fata kuma ya rushe.

A kotu alƙali ya tambayi saurayin, "Akwai wanda ya tsokane su?"

Ya kalle ta.

"Ranka ya daɗe, ni na ajiye su. Alhakin a wuyana yake."

Abba ya sunkuyar da kai. A bakin kotu ya riƙo hannun saurayin.

"Na janye ƙara. Kwashe su ka kai daji, sannan ka turo manyanka."

Ya kwashe su ya kai daji. Aka ɗaura aure, Abba ya sa albarka har da hawaye.

Da safe amarya ta buɗe ƙofa, sai ga wata tsohuwa a tsaye, ƙudan zuma sun lulluɓe hannayenta har kafaɗa, ba wanda ke motsi.

"'Yata, ke ce lauyar? Kira min wanda ya ajiye amya a kan kabarin mijina."