Mai Kek da Kitsen Zuciyata

"Mai ciwon suga ta auri mai gasa kek? An ba kura ajiyar nama ke nan!"

Umma ta faɗa tana tafa hannu, ni kuwa hawaye shaɓe-shaɓe.

Ban ga laifinta ba. Bara likita ya ɗauki hoton zuciyata, ya ce kitse ya fara taruwa cikin tsokarta, ya sauya mini maganin suga. Tun ranar Umma ko tari na yi sai ta yi salati.

Ga kuma 'yar kawuna, wadda ta daɗe da ƙyalla ido a kan mai kek ɗin nawa, ta kawo gulma wai kullum tana ganina a shagonsa ina narkar kek.

"Za a sake hoto," in ji Umma. "In kitsen ya ƙaru, ki manta da shi!"

Na kira shi ina shessheƙa.

"Haba Zumata..."

"Daina ce mini zuma, likita ya hana!"

Ya tuntsire da dariya, har ni ma na dara. Wallahi ina son bawan Allahn nan.

Ranar hoton ya biyo mu da ɗan kwali a hannu, Umma ko kallo bai ishe ta ba. Likita ya jera tsohon hoto da sabo, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Kitsen ya ragu sosai. Maganin nan in an dage da shi, ba suga kaɗai yake saukarwa ba, yakan rage wa zuciya kitse. Ba kya tsallake sha ke nan?"

"Ina na isa! Kullum sai ya kira ya ji na haɗiye."

Umma ta juya ga mai kek ɗin.

"To kek ɗin da kake ɗura mata fa?"

Ya buɗe kwalin da ladabi.

"Ga irinsa, Umma. Ita kaɗai nake gasa wa."

Ta gutsura, ta tauna... fuskarta ta yamutse.

"Wannan ai soso ne! Ina sugan?"

"Babu, Umma. Tare muke ci, don kada ta ji kewa."

Umma ta dube shi, idonta ya ciko, sai kuma dariya ta ƙwace mata.

"Namijin da zai ci wannan masifa saboda 'yata... Ka turo magabatanka, ɗana. Amma na biki ka sa mana suga!"