Lallen Hajja Fanna

Zulaihat na zaune a gindin darbejiyar tsakar gidansu da ke Gashuwa, littafin tsofaffin tambayoyin JAMB a kan cinyarta, bakinta na motsi kamar mai lazimi. Mahaifiyarta, Inna Rahima, tana gefe tana tsintar shinkafar biki. Saura mako biyu a ɗaura mata aure da Mus'ab, ɗan gidan Goni na Nguru, amma baƙo in ya shigo sai ya rantse ƙanwarta Nabila ce amaryar, don ita ce mai rawar kan anko da zancen ɗinki.

Nabilar ce kuwa ta faɗo gidan da waya a hannu, ko sallamar kirki babu.

"Yaya Zulai! Ranar jarrabawarku ta fito. Litinin ce, a sentar nan cikin gari!"

"Wace Litinin?"

"Ta bayan ɗaurin aure mana. Juma'a a ɗaura, Litinin ki zana. Amarya kuma ɗaliba!"

Zulaihat ba ta yi dariya ba. Littafin ya zame daga cinyarta, ta buɗe tafukan hannunta tana kallon yatsunta.

"Inna," ta ce, "lallen..."

Inna Rahima ta ajiye faifan. Ta gane.

Dokar a fili take tun ranar rajista: kada ɗalibi ya sa lalle a kan yatsunsa, domin a ƙofar ɗakin jarrabawa akwai na'urar da ake dangwala wa yatsa, wanda ba ta gane zanen yatsansa ba kuwa ba ya shiga. Bara Zulaihat ta gani da idonta. Wata yarinya 'yar Dagona ta zo da jan ƙunshin bikin yayarta, na'ura ta ƙi ta, ta zauna a bakin get tana goga yatsunta a jikin bango har suka yi jini.

A baran ita ma Zulaihat makinta bai kai ba, don karatun lauya ba a ba da gurbinsa ga mai rabin ƙoƙari. Shekara guda ke nan tana haɗiye Adabin Turanci da darasin Gwamnati da na Addini. Son abin ya shige ta tun tana 'yar sakandare, ranar da ta raka kakarta kotu a kan wani kududdufinsu na kamun kifi, tana yi mata tafinta daga Badanci zuwa Hausa, ta ga yadda mai gaskiya ke zama bebe in ba shi da mai yi masa magana. Mus'ab ya san wannan duka. Daga rumfar hatsin mahaifinsa a kasuwar Nguru yakan kira ta, tsakanin awon wannan buhu da wancan, ya jefo mata tambaya, in ta kuskure ya ce, "Barista, an kori ƙararki, sake shiri!"

To amma gidan Goni suna da tasu dokar, wadda ta girmi na'ura. Duk amaryar da za ta shiga gidan, kakar Mus'ab, Hajja Fanna, ita ke zuwa da ƙafarta ranar Larabar biki ta ƙunsa mata lalle da hannunta, ja wur tun daga tafi har ƙarshen yatsu, irin wanda sai fata ta saɓa yake fita. Haka ta yi wa matan 'ya'yanta, haka ta yi wa matan jikokinta. Shi ne sa albarkarta, kuma ba ta taɓa aiko wakili ba.

Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. A yammacin nan ne gwaggon Mus'ab, Suwaibatu, ta iso daga Nguru da garin lalle a rufaffen kwano da turaren wuta. Bayan an sha ruwa an gaisa, Inna Rahima ta yi ta kewaye-kewaye, sannan ta kawo maganar cikin ladabi, ko Hajja za ta yarda a bar wa yarinya kan yatsu.

Gwaggo Suwaibatu ta kama haɓa. "A bar me? Amaryar gidan Goni da fararen yatsu? Wa ya taɓa ji!"

Daga cikin ɗaki sai ga muryar Nabila, wadda bakinta ya fi hankalinta sauri: "Haba don Allah! Wai a kan wannan ƙauyancin za a ɓata wa mutum fiuca, a kashe masa gobensa?"

Gwaggo ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ɗauki kwanonta. Ko rakiya ba ta jira ba. Magana zarar bunu ce. Kafin motar Nguru ta isa tasha, zancen ya riga ya canza kaya. Abin da ya shiga kunnen Hajja Fanna shi ne, amarya da bakinta ta ce lallen tsohuwa ƙauyanci ne, ita 'yar boko ce, ba mai shafa mata ganye.

Washegari saƙo ya dawo, gajere: wadda ta ƙi lallena ta ƙi gidana.

Malam Ajimi, mahaifin Zulaihat, ya tsaya a ƙofar ɗakinta ransa a ɓace. "Ni za ku kunyata a gaban Goni? An gayyato mutane daga Geidam har Maiduguri! Ranar Laraba ki miƙa hannu, na gama magana. Jarrabawa gudu take yi?"

"Baba, shekara guda fa..."

"Na ce na gama!"

Ta kira Mus'ab tana kuka. Shi take sa ran zai tsaya mata, shi da ya saya mata littattafan da hannunsa. Sai ta ji muryarsa a sanyaye.

"Zulai, na yi magana, wallahi na yi. Hajja ta juya mini baya, ko abincin da na kai mata ba ta taɓa ba. Ita ta goya ni bayan rasuwar mahaifiyata, kin sani. Ko... ko a sa ɗin, daga baya mu gwada lemon tsami da bilic?"

"Jan lalle ne fa, Mus'ab, ba tawada ba!"

Sai ya ce, "To ki bari sai baɗi. Ni zan sake yi miki rajista."

Wannan kalmar ta fi faɗan Baba yi mata ciwo. Ta san ƙawayenta nawa suka ce sai baɗi, baɗin ta zo ta same su da goyo, littattafan kuma gara ta cinye.

"Kai ma?" Abin da ta iya faɗa ke nan, ta kashe wayar.

Kwana biyu ba ta karanta ko layi ɗaya ba. Tana son Mus'ab, son da ba ta iya ɓoyewa ko a gaban Inna, tana kuma son karatun nan kamar ranta. Ƙawaye suka yi ta zuga: wata ta ce ta gudu gidan kawunta a Katuzu sai an gama Laraba, wata ta ce ta fasa auren, maza ba su ƙare ba. A rana ta uku ta wanke fuska, ta durƙusa gaban Inna.

"Ki ba ni izini in je Nguru. An yanke mini hukunci ba a ji ta bakina ba."

"Ke! Amarya ta je gidan surukai kafin aure? Ina kunyarki?"

"Inna, kunyar yini ɗaya ta fi nadamar shekaru."

Inna Rahima ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗaga murya: "Nabila! Ɗauko hijabinki. Ke kika kunna wutar, ke za ki raka ta."

Sun sami Hajja Fanna a kan darduma a ƙofar ɗakinta, tsohuwa doguwa mai jan haƙora, carbi a hannu. Gwaggo Suwaibatu na gefe. Zulaihat ta zube tun daga nesa, ta gaishe ta da ɗan Barebarcin da Mus'ab ya koya mata. Hajja ta amsa a daƙile.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin ce lallena ƙauyanci ne, ko ba ki ce ba?"

Nabila ta yunƙura za ta yi magana. Zulaihat ta dafe mata gwiwa.

"Hajja, ban faɗa ba. Amma a gidanmu aka faɗa, kuma saboda ni aka faɗa. Laifin nawa ne, ki yafe mini."

"Ni ce!" Nabila ta fashe da kuka. "Wallahi ni ce, Hajja, Yaya ko uffan ba ta ce ba!"

Hajja ta juya ta yi wa Gwaggo Suwaibatu wani kallo. Gwaggo ta shiga gyaran ɗankwalin da bai kwance ba.

"To me ya kawo ki?" in ji Hajja.

Zulaihat ta ba ta labarin na'urar, da 'yar Dagona, da shekarar da ta yi tana karatu, da kakarta a kotu. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ɗaga ido ba. Da ta gama sai ta miƙa hannayenta biyu.

"Ranar Laraba ba zan gudu ba, ba zan janye hannuna ba. In kin ce har ƙarshen yatsu, to har ƙarshen yatsu. Ina son albarkarki, Hajja, ina son jikanki. Roƙona kawai kada in shiga gidanki ta kan gawar burina."

Hawaye ya ɗiga a tafin nata. Hajja ta ja carbinta, ɗaya, ɗaya, fuskarta ba ta nuna komai ba.

"Ku tashi ku kama hanya kafin rana ta faɗi," ta ce. "Sai Laraba."

A bakin zaure suka yi kiciɓis da Mus'ab. Ashe yana tsaye, ya ji komai. Idonsa ya kaɗa.

"Zulai, na ji kunyar kaina. Abin da ya kamata in tsaya in faɗa, ke kika tako kika faɗa. Sori, don Allah. Duk yadda ta kaya, ranar Litinin ni zan kai ki ƙofar sentar nan."

Ta tsaya ta saurara har ya gama.

Laraba ta zo, gida ya cika maƙil da mata, ƙamshin turaren wuta har waje. Aka zaunar da amarya a sabuwar tabarma, aka lulluɓe ta. Hajja Fanna ta kwaɓa lallenta da kanta, ta yi bismilla, ta fara da ƙafafu. Aka gama ƙafa.

"Kawo hannu."

Ta miƙa. Sanyin lalle ya sauka a tafinta, ya bazu, ya hau gindin yatsu. Gaɓa ta farko. Gaɓa ta biyu. Ta runtse ido tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta. Inna Rahima ta kasa kallo, ta shige madafa.

Sai ta ji an tsaya. Ta ji ana naɗa mata wani abu a kan babban yatsa. Ta buɗe ido: Hajja ce ta zaro tsummoki farare daga lalitarta, yankakku tun daga gida, tana ɗaure kan kowane yatsa tamau don kada lalle ya taɓa.

"Hajja!" Gwaggo Suwaibatu ta zabura. "Haka za a kai ta? Me mutane za su ce?"

"Lallen naki ne ko nawa?" Hajja ba ta ko ɗago ba. "An kawo mini magana a lauye, na hau kai na zauna ban ji ɗaya ɓangaren ba. Ashe masu lauya zance a gidana suke tun tuni. Gara in samu lauya ta gaske ta zo ta miƙe mana shi."

Mata suka kwashe da dariya, wata ta rangaɗa guɗa. Zulaihat ta kifa kanta a cinyar tsohuwar tana kuka mai sauti.

"Ya isa, kada ki ɓata mini aiki," in ji Hajja, tana shafa bayanta da gwiwar hannu. "Yarinyar da ta ɗauki laifin ƙanwarta ta aza a kanta, ba za ta sayar da gaskiyar talaka ba. Waɗannan yatsu goman na bar miki aro. Kina fitowa ki kawo mini su."

Ranar Litinin da sassafe, amaryar kwana uku ta shiga layi a Gashuwa, Mus'ab na tsaye a tsallaken titi ya kasa zama a mota. Mai kula da ƙofa ya dubi jan hannunta ya girgiza kai. "Hajiya, ba a gaya muku ba?" Ta juya masa kan yatsun. Ta dangwala. Na'ura ta yi jim, jim ɗin da ya fi mata shekarar nan tsawo, sannan sunanta da hotonta suka bayyana.

"Wuce."

La'asar a Nguru ta yi mata. Ta tarar Hajja ta riga ta kwaɓa sabon lalle tana jira, ta ƙarasa aikinta yatsa bayan yatsa, tana mita wai na'urar banza ta sa ta aiki biyu.

Da sakamako ya fito, makin ya haura abin da ake nema. Bayan tantancewar jami'a, admishin ya zo: karatun lauya, a Damaturu. Malam Ajimi, wanda ya ce jarrabawa ba gudu take yi ba, shi ne ya bi rumfunan kasuwar kifi yana sanar da mutane tun ba su tambaye shi ba.

'Yan uwa 'yan mata, ku duba da kyau. Da Zulaihat ta bi zugar ƙawaye ta gudu, da ta rasa miji. Da ta yi shiru ta haɗiye, da ta rasa karatu. Haƙuri ba kame baki ba ne, faɗin gaskiya ne cikin ladabi, sannan a bar wa Allah sauran. Ku kuma iyaye, al'ada don albarka aka yi ta. In ta zo za ta danne yaro, a sassauta mata ɗauri ko da na gaɓa ɗaya ne.