Bugun da Abbu Ya Koya Mata

A layinmu na garin Gujranwala, a ƙasar Pakistan, akwai wata yarinya 'yar aji shida, mai taurin kan tsiya. Mahaifinta, wanda take kira Abbu, direba ne a Maskat ta ƙasar Oman, kuma ya daɗe bai zo gida ba.

Kafin ya tafi, kullum da la'asar sukan hau rufin gida su yi wasan kurket, wanda ake dukan ƙaramar ƙwallo da faffaɗan katako. Shi ya koya mata bugu: a taka gaba, a sauke katako ƙasa, a tari ƙwallo bayan ta yi tsalle. In kewarsa ta dame ta, sai ta ɗauki katakon ta hau sama, ta yi ta dukan iska ita kaɗai.

Ana nan sai aka kawo wasan sofbol makarantarsu. Sandarsa mulmulalliya ce, ƙwallo kuma a iska take zuwa, ba ta taɓa ƙasa. Malama Shaista ta ce za ta zaɓi waɗanda za su je gasa a Lahore. Gasar kuwa ta zo daidai da hutun mahaifin yarinyar. Ba abin da take so a duniya kamar ya zauna a filin nan ya gan ta.

"Ɗaga sandar saman kafaɗa," in ji Malama. "Ki juya ƙugu, ki sharo ta a kwance."

"Abbu ya ce daga ƙasa ake bugu, Malama."

"Wannan kurket ne, 'yata."

"Ai ƙwallo ƙwallo ce. Abbu bai taɓa koya mini ba daidai ba."

Malama ta yi bayani har ta gaji. Yarinya ta kafe.

Ranar zaɓen 'yan wasa ta bugo ƙwallo daga ƙasa, irin na kurket. Ƙwallo ta tashi sama ta sauko cikin hannun mai tsaro, kamar an miƙa mata. A karo na biyu ta samu bugu, amma sai ta sheƙa da gudu riƙe da sandar, yadda ake yi a kurket.

"Ke, ajiye mana sandar!" in ji wata. "Ko gida za ki kai wa Ammi ta murza gurasar roti?"

Fili ya kaure da dariya. Da Malama ta kira waɗanda za su je Lahore, babu ita a ciki.

A gida ko shinkafarta ba ta taɓa ba. Ammi, wato mahaifiyarta, ta kira Maskat ta miƙa mata waya.

"Abbu, na ƙi sakin bugunka, shi ne suka cire ni," ta ce cikin kuka.

"Don me kika ƙi?"

Ta ce, "In na sake shi, me zai rage mini naka?"

Ya ce, "Haba, 'yar Abbu. Ni ba a cikin katako nake ba. Bugun nan na ƙwallo mai tsalle ne. Me nake fara gaya miki kullum?"

"Ido a kan ƙwallo."

"To, wannan ne nawa, ki riƙe shi. Sauran ki saurari malamarki, ta fi ni sanin wasanta."

Washegari ta je ta ba Malama haƙuri. Malama ta ce, "Wuri ya cika. Amma ki riƙa zuwa, za mu gani."

Ta yi ta zuwa. Ta ɗaga kafaɗa, ta juya ƙugu, har tafin hannunta ya yi kanta. Da Malama ta ga haka, sai ta ƙara ta cikin 'yan jiran canji.

A Lahore, wasa ya kusa ƙarewa aka kira ta. Ta sa ido a kan ƙwallo, ta sharo ta a kwance. Ƙwallo ta wuce masu tsaro da ƙarfi. Ta yar da sanda ta ruga.

Can cikin 'yan kallo wani mutum ya miƙe, ko jakar tafiyarsa bai ajiye ba, yana ihu, "'Yata ce! 'Yata ce wannan!"

Ranar ta gane cewa karɓar gyara daga malami ba ya raba yaro da iyayensa. Da suka koma gida kuwa, ita ta hau rufi tana koya wa Abbu ɗaga kafaɗa.