Jiƙaƙƙen Buroshi

Ni tela ne. Matata ta rasu bara, ta bar ni da 'yarmu guda ɗaya. Shekararta tara, tana aji huɗu. Uwata nake kiranta, don sunan mahaifiyata gare ta.

Da can mamanta ce take tsayawa a kanta ta goge baki, safe da kafin barci. Ni ban saba ba. Sai na ɓullo da tawa dabarar. Kullum da safe nakan taɓa buroshinta a cikin kofin da ke bakin taga. In na ji shi a jiƙe, sai in wuce shago.

"Uwata, an goge baki?"

"An goge, Baba."

Maƙwabta kuma tausayinta suke ji. Kowa ya gan ta sai ya miƙo alewa ko biskit. Mai shagon da ke kusa da nawa har lemon kwalba yake buɗe mata. Ban hana ba. Na ɗauka zai rage mata kewa.

Wata Laraba, bayan an tashi daga makaranta, malamar ajinsu ta zo shagona riƙe da hannunta. Muka gaisa. Na ture ƙyallaye na ba ta benci.

"Malam Tela, ka duba bakin yarinyar nan kuwa?" in ji ta. "Kwana uku ba ta cin komai lokacin tara. Na sa ta karatu, ta rufe baki da littafi."

Na ja Uwata bakin ƙofa inda haske yake. "Buɗe in gani."

Ta buɗe kaɗan. Dasashinta ya yi ja, ya kumbura. Haƙori ɗaya na can ciki ya yi baƙin rami.

"Ikon Allah! Yarinyar da take gogewa kullum?"

Ta sunkuyar da kai. Malama ta ce, "Faɗa wa babanki gaskiya. Ba wanda zai dake ki."

"Ba na gogewa," ta ce a hankali. "Tara shi nake a famfo, ya jiƙe, in mayar."

"Tun yaushe?"

"Tun dogon hutun da ya wuce."

Na lissafa, wata biyar ke nan. "Me ya sa, Uwata?"

"Ran nan na goge, na tofar, sai na ga jini. Mama ma tana tofar da jini kafin a kai ta asibiti. Na ɗauka ciwonta ne ya kama ni. In ban goge ba, ba ya fitowa." Ta share hanci da bayan hannu. "Ban so ka sani ba."

Na ajiye almakashi. Malama ce ta yi magana.

"Ciwon mamanki a ƙirji yake, 'yata. Naki a baki ne. Gobe na ba ki hutu, ku je wurin likitan haƙori."

Da safe muka tafi. Likitar mace ce, mai yawan raha. Ta kwantar da Uwata a wata doguwar kujera, ta kunna fitila, ta leƙa da ɗan ƙaramin madubi.

"Kai! Nan ai masu alewa sun kafa kasuwa," ta ce. Sannan ta juyo wurina. "Wannan ba haƙorin yarinta ba ne. Na girma ne. In ramin ya kai jijiya ya lalata shi, cirewa za a yi, kuma wani ba zai fito ba. Bari mu ɗau hoto."

Muka zauna jira. Uwata ta riƙe hannun rigata.

Can likita ta dawo da hoton. "Saura ƙiris. Da kun ƙara wata ɗaya, da sai dai haƙuri. Yau cikewa za mu yi."

Ta wanke ramin, ta cike shi, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙoran. Uwata ta yi hawaye kaɗan, amma ba ta yi ihu ba.

"Jinin fa?" ta tambaya bayan ta kurkure baki.

"Datti ne ya kwana a dasashi, shi ya sa ya kumbura yake jini. Da kika daina gogewa, sai dattin ya samu gidan zama. Ki samu buroshi mai laushi. Ki goge a hankali, ba kamar mai wankin tukunya ba. Minti biyu, safe da kafin barci, har harshe. In ya yi jini, kada ki fasa, zai daina. In bai daina ba bayan mako biyu, ki dawo."

"Alewa fa?"

"Jefi-jefi, bayan cin abinci. Ba ki wuni kina tsotsa ba. In kin sha, ki bi da ruwa." Ta dube ni. "Baba, kai ma buɗe mu gani."

Na buɗe, ba don na so ba.

"Tela ne kai ko? Ga shaidar nan a haƙorin gaba. Da shi kake yanke zare. Almakashin na ado ne?"

Uwata ta tuntsire da dariya, da baki a karkace saboda allurar kashe zafi da aka yi mata.

Daga ranar, tare muke gogewa, ni da ita, a gaban madubi ɗaya. Na bi maƙwabta na gode musu, na ce wanda ya so yi mata alheri ya ba ta ayaba ko fensir. Mai shago ya ce, "To, mun zama masu laifi ke nan." Washegari ya kawo mata fensir biyu.

A kwana na tara jinin ya tsaya. Da muka koma asibiti, likita ta ƙwanƙwasa haƙorin ta ce yana nan daram.

A hanyar gida na tambaye ta abin da ta koya.

"Haƙori sai da gogewa kullum, ko ba mai kallo," ta ce. "Kuma in wani abu ya ba ni tsoro, in faɗa maka, kada in ɓoye."

"Haka ne. Ɓoye ciwo ba ya warkar da shi."

"Baba, yunwa nake ji."

Muka ƙara sauri.