Maganar Ɗakin Amarya

Shekarar da korona ta kulle Doha, Masahudu ya hau benen wani tsohon gida a unguwar Bin Omran da ledar abinci a hannu, gumi ya jiƙa masa takunkumi. Ɗan Zangon Kumasi ne a ƙasar Gana, aikinsa kai wa mutane abinci a kan babur, kuma tun safe bai zauna ba. Zai ƙwanƙwasa ƙofa ke nan sai ya ji muryar tsohuwa daga ciki, da Hausa raɗau.

"Ke amarya, in ya kashe fitila kada ki baje masa kamar buhun masara. Shi ma fa gwiwarsa rawa take yi. Masu cika baki a zaure su ne ke fara minshari."

Wata ta fashe da dariya. Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Da aka buɗe ƙofa kuwa babu wata tsohuwa. Budurwa ce, ta shafa farar hoda a gira, ta cusa filo a bayan zani, idanunta duk gajiya.

"Ina wuni, Goggo," in ji shi cikin ladabi.

Ta dafe ƙirji. "Kana jin Hausa?"

"Da ba na ji da ya fi mini sauƙi."

Ta karɓe ledar ta rufe ƙofa. Can sai ta sake buɗewa kaɗan, ta miƙo masa ruwan sanyi ba tare da ta kalle shi ba.

Jidda ke nan, 'yar Zariya, tallafin karatu ya kawo ta yin digiri na biyu a harkar fim. Mai dariyar kuwa Nasiratu ce, abokiyar zamanta, 'yar Zangon Nima, ita ma a Gana, mai lalle da kitso, wadda annoba ta rufe wa shago. Zaman ɗaki ya ishe su, sai suka fara haɗa fim ɗin barkwanci wanda Jidda za ta miƙa a makaranta. Labarin ƙawaye biyu ne da suka ɗauki nauyin shirya bikin aminiyarsu, suna faɗa kan anko, kan mai abinci, kan wa ya fi kusa da amarya. A tsakiyarsu ga Goggo Dudu, tsohuwar da bakinta ba ya da linzami, wadda Jidda ke fitowa a matsayinta.

To, kun san halin zuciya. Daga ranar, duk odar da ta fito daga layinsu Masahudu ne ke rigan kowa. Da aka sassauta kulle, ranar hutunsa shi ke riƙe musu sandar makirufo, hannu a sama, kai a ƙasa, kunnuwa suna zafi.

"Ɗaga da kyau, malam," Nasiratu ke ce masa. "Abin da ka ji ma riba ce, kyauta ake koya maka."

In ya koma masauki sai ya tura saƙo: "Goggona, kafaɗata ta mutu. Amma in kin ce gobe, gobe ina nan."

Ita kuma ta amsa: "Mai Babur, ka shafa man zafi ka huta. Ban taɓa ganin wanda gajiya ke yi wa kyau irinka ba."

Ba irin soyayyar nan ba ce ta yawon shaƙatawa. Shi rana ta gasa shi, ita karatu ya tsotse ta. Wani lokaci a bakin matakala za su zauna, kofin shayi ɗaya a tsakaninsu, har ya tashi ba su yi wata doguwar magana ba, kuma kowa ya tafi da sanyi a ransa.

Mahaifin Jidda ya so ta da Hafiz, wani ɗan garinsu mai karatun dakta a nan Doha. Da ya ji zancen mai babur ɗan Gana sai ya ɗauke wuta. Jidda ba ta yi masa musu ba, ba ta kuma canja magana ba. Hafiz da kansa ya gaji da gaisuwar da ba ta wuce gaisuwa, ya janye. Tsohon ya sa aka bincika masa a Kumasi, aka ce yaron mai salla ne, kakansa ma fataucin goro ya kai shi can daga ƙasar Katsina. Ya ce to, su turo manya.

Nan kowa ya ɗauka an gama. Ashe da sauran aiki.

Shekarar gasar cin kofin duniya fim ya kammala, har aka zaɓe shi cikin waɗanda za a haska wa baƙi a wani fili. Murna ta ɗebi Masahudu, ya yanko wurin da Goggo Dudu ta fi sakin baki ya tura wa mahaifiyarsa. A tunaninsa ai sana'arta ce. Mma Awawu alwanka ce a Zango, ita ke wanke amare, ita ke rufe ƙofa ta gaya musu abin da ba a faɗa a tsakar gida. Ya manta shi ɗan fari ne, wanda ko sunansa ba ta kira don kunya. Ya kuma ƙara da cewa, "Mma, ni na riƙe musu makirufo."

Ba ta amsa ba. Ta daina ɗaukar wayarsa. Ƙanwarsa ce ta isar da saƙo: Mma ta ce ba za ta tura kowa Zariya ba, kuma kada a sake yi mata zancen yarinyar nan.

Da labari ya iso Jidda ba ta yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Ta zauna a bakin katifa ta buɗe kwamfuta.

"Goge shi zan yi. Makaranta ta riga ta ba ni makina. In batsa ce ta sa uwarsa take ganina 'yar iska, khalas, shi ke nan, a huta."

Nasiratu ta ajiye kwanon lallen da take kwaɓawa. "Ki goge wa? Ni fa ina ciki. Lokacin da ba ni da aiki, kafil, mai riƙe da bizata, yana mini barazanar tikitin gida, wannan abin ne ya hana ni haukacewa. Yanzu don namiji ya zo sai ki share ni?"

"Ba ke zan share ba."

"Ni ce mana. Ki yi aurenki, ki nemi mai yi miki lalle."

Suka kwana biyu ba mai ce wa wata uffan, a ɗakin da ko juyawa ka yi sai ka taɓa ɗan'uwanka. Saƙonnin Masahudu ma Jidda ta bar su ba amsa, don a ganinta sallama ce yake neman hanyar yi.

Na ƙarshe ya ce: "Goggona, laifina ne, ba naki ba. Ina tashar jirgi har la'asar. Ko zagi ne ki zo ki yi mini a gabana."

Lokacin gasa an ɗauke shi aikin nuna wa 'yan kallo hanya a bakin tashar jirgin ƙasa. Ta same shi tsaye cikin tururuwar mutane masu tutoci da ganguna, muryarsa ta dushe da faɗin yalla, yalla, wato ku taho. Suka raɓe a inuwar gini.

"Zan goge shi," ta ce. "Ka gaya wa Mma."

"Ba zan gaya mata ba." Da ƙyar maganar ke fita. "In kika goge shi saboda ni, duk ranar da muka yi faɗa shi za ki tuna. Kuma Nasiratu ba za ta yafe mini ba."

"To me kake so in yi? Na gaji, Masahudu. Wallahi na gaji."

"Ni ma haka, abar ƙaunata. Ƙafafuna ba nawa ba ne. Amma ban gaji da ke ba." Ya tura mata lambar Mma. "Ni ba za ta iya yin maganar nan da ni ba har abada. Ke mace ce. Ko za ta yi da ke."

Washegari da hantsi Jidda ta yafa mayafi, kamar tsohuwar na ganinta, ta kira. Nasiratu tana jin an ɗauka ta taso ta zauna kusa da ita, fuska a ɗaure.

"Mma, ina kwana. Jidda ce. Na kira in ba ki haƙuri kan kalaman banza da na yi."

"Kalaman banza?" Muryar tsohuwar a sanyaye take. "Yarinya, abin da nake faɗa wa amare ya ninka naki. Ba banza ba ne, da shi aure ke zama. Uwata ta faɗa mini, na faɗa wa 'ya'yan mutane. Amma da ƙofa a rufe. Yau yaron nan ya san abin da ke fita daga bakina in na shiga ɗakin amarya. Da wane ido zan kalle shi? Kuma aka ce a fili za ki haska, gardawa suna cin gyaɗa suna dariya."

 Sai yanzu Jidda ta gane inda ciwon yake.

"Mma, abin da ya ji ya riga ya ji, ba ni da maganinsa. Amma filin, zan janye. Gogewa kuwa ba zan yi ba, don ba nawa ba ne ni kaɗai, da ƙawata a ciki. Mata kawai za su gani, a ɗakin lalle."

Ta juya ta dubi Nasiratu, don ita ma ta ɗinka kayan da za ta sa ranar haskawa. Nasiratu ta daɗe tana kallon silin, sannan ta gyaɗa kai.

"Ƙawar taki tana nan?" in ji Mma Awawu. "Ita ce mai faɗa kan anko? Ta iya rashin mutunci, na ji daɗinta." Ta yi ɗan tari. "Shi kuma ki gaya masa, ni ban ga komai ba, shi ma bai turo komai ba. Kada ya kuskura ya ba ni haƙuri."

Ranar da aka haska finafinan a fili, su biyun suna gida suna tsinke ganyen zogale. Abin ya yi musu ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Jidda ta yi hawayen da ta daɗe tana riƙewa, Nasiratu ta goge mata da bakin zani tana zaginta.

Manya suka tashi daga Kumasi da goro, aka ɗaura aure a Zariya bayan an tashi daga gasa, ango da amarya suna saurare ta waya. Ranar lalle matan Najeriya da na Zango suka cika wani falo a unguwar Al Wukair, aka kori maza, aka rufe ƙofa, aka kunna fim. An jingina waya da filo don Mma Awawu ta gani, ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame.

Da aka gama ta ce, "To, kowa ya fita a bar mini 'yata. Ke mai anko, har ke. Jidda, babu abin da ke ɗauka ko?"

"Babu, Mma."

Abin da ta gaya mata ni ma ban ji ba, kuma ko na ji ba za ku ji a bakina ba. Na dai ga amarya ta fito tana rufe fuska da hannuwan lalle, kafaɗunta suna rawa. Ta miƙa wa Masahudu wayar a bakin mota.

"Kai yaro," in ji uwarsa, karo na farko bayan watanni. "Na ji muryarka ta dushe. Ka sha zuma. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya huce muku gajiya, ya sa ku tsufa tare."

Ya ce amin, Mma, idonsa a ƙasa. Mu ma muka ce amin.