Jinyar Tsinke

Na taso daga gonata ta bayan Dosara rana na shirin faɗuwa, karena Tsinke yana gaba kamar kullum. Shekara bakwai muna tare. Mutanen gari sun yi gori har sun gaji, wai Jatau ya fi son kare da danginsa. Ba su san shi ba ne. Tun yana kwikwiyo na hore shi: bai taɓa lasar jikina ba, bai taɓa taka tabarmar sallata ba.

A bakin kwazazzabo wani kare ya tare mu. Girmansu ɗaya, dukansu jajaye. Ko haushi bai yi ba. Suka sarƙe, suka gangara ƙasa, ba na jin komai sai ƙarar haƙora. Da na sauka na tarar da ɗaya kwance cikin laka, wuya a yage. Na ga farin tabon nan na goshin Tsinke, na saɓo shi sai gida.

Na wanke raunin da ruwan ɗumi da gishiri, na barbaɗa garin bagaruwa, na ɗaure da tsumma. Ko motsi bai yi ba. Tsinken da in za a cire masa ƙaya sai unguwa ta ji.

Matata Saude ta tsaya nesa da ƙwaryar nono.

"Malam," ta ce ƙasa-ƙasa, "mi ya hana ƙuda sabka bisa ciwon ga?"

"Ke dai aje nonon."

Kwana biyu ina jinya. Kaji suka ƙaurace wa gidan. Wani ƙauri irin na babbakar gashi ya cika tsakar gida, ni kuwa na toshe hancina da kunnena.

Magaribar rana ta uku na ji kuka a bayan danga, siriri, mai ja. Na leƙa ta tsakanin kara. Wani kare ne yake jan ciki, duk laka da busasshen jini. Raina ya ɓaci. Wato ya biyo mu ya ƙarasa aikinsa? Na ɗauki dutse, na sa ƙarfina duka. Na ji lokacin da ya same shi.

Kukan ya tsaya.

Na yi alwala, na tsuguna in duba ɗaurin kafin in wuce masallaci. Sai wanda nake jinya ya ɗago kai ya lashi hannuna.

Harshen sanyi ƙalau, kamar gindin randa.

Na dubi ƙasa. A kan tabarmar sallata yake kwance.

Na ja hannun, ya ƙi jawuwa. Harshen ya naɗe shi, yana ƙara tsawo. Tsumman ya zame. Babu ciwo, babu ko tabo. Bakina ya kasa kawo a'uzu.

Danga ta yi ƙara. Wancan karen ya kutso da ƙafa uku, ido ɗaya a fashe inda dutsena ya sauka. Ya kauce wa jikina yadda na koya masa, ya cafki maƙogwaron abin.

Ƙara ɗaya na ji, ba ta kare ba. Sai ƙauri, sai tsumma a ƙasa.

Tsinke ya ja jiki ya sauka daga tabarmar tukuna ya kwanta. Kafin in kawo sauran ruwan gishirin ya mutu.

Na wanke hannun sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Har yau sanyin bai fita ba, ko fartanya ba ya riƙewa. Mutane na cewa aljani ne ya shanye shi, ni kuma ba na gardama. Na dai san da shi na ɗauki dutsen.