Amaryar da Ta Je Ɗauko Surukanta

Itto na kwance ƙarƙashin tsohuwar Landirobar babanta a garejinsu na garin Midelt, ta hango wasu takalma masu ƙyalli sun tsaya daidai kanta.

"Malam, motar Imilshil nake nema," in ji mai takalman.

Ta turo kanta waje, baƙin mai a kumatu. "Malam na masallaci. Ni ce direba. In kana tsoro, ga jakuna can bayan kasuwa."

Saurayin ya yi dariya, ya shiga gaba ya zauna. Kafin su kai, ta san sunansa Yidir, malamin makaranta ne a ƙauyensu da ke bayan duwatsu. Ya karɓi lambarta, wai saboda tafiya ta gaba. Tun daga nan kullum sai saƙonsa ya shigo: "Direbata, kin sauka lafiya? Hankalina na hannunki tare da sitiyarin."

Da maganar aure ta taso, gida biyu suka yamutse. Mahaifiyarsa, Lalla Hadda, ta ce ba ta son suruka mai warin gas. Babanta Assu kuwa wani Bassu yake so ta aura, mai gonakin tuffa, ba mutumin da ƙanƙara ke kulle garinsu wata uku ba. Itto ta kafe. Da baban ya gaji ya ce, "Su zo ranar Juma'a kafin la'asar. In ba su zo ba, kar in ƙara jin sunansa."

Ran Talata ƙanƙara ta sauko kamar da gayya. Laraba saƙo ya shigo: "Hanya ta toshe, Inna ta ce ishara ce daga Allah. Ni dai…" Iyakarsa ke nan. Ta kira har ta gaji, layi a mace.

Bassu ya leƙo gareji yana murmushi. "Malaminki ya samu mafaka. Da yana so, da ya zo."

"Ko bai zo ba, kai ba ka shigo layi ba. Matsa, ka taka mini sarƙar taya."

Amma maganar ta soke ta. "Ni dai" me? Ni dai na haƙura?

Alhamis da sassafe ta ɗaura wa tayoyi huɗu sarƙa don kar su zame a ƙanƙara, ta loda barguna. Babanta ya fito.

"Ina za ki?"

"Baba, cewa ka yi su zo. Ba ka faɗi wanda zai kawo su ba."

"Mace ta je ɗauko masu neman aurenta? Gari zai yi da mu!"

"Su yi. In ya fasa, daga bakinsa nake so in ji."

Ƙanwarsa, Gwaggo Tuda, ta ratsa ta gabansa da fulas ɗin shayi ta haye mota. Assu ya daɗe a tsaye. Sannan ya durƙusa ya ja kowace sarƙa ya ji ƙarfinta, ya jefa shebur a baya.

Hanyar ta ci musu wuni. Sau uku Itto na fita tana haƙar ƙanƙara har yatsunta suka daina ji. Gefe guda dutse, ɗaya gefen rami, Gwaggo sai salati. Daf da ƙololuwar dutsen suka hango mutum cikin jallabiyar ulu yana tahowa da sanda, ƙanƙara har gwiwa. Yidir ne.

"Ni dai me?" ta daka masa tsawa tun kafin ya iso.

Leɓensa na karkarwa don sanyi ya ce, "Ni dai ina tafe ko da ƙafa, direbata."

Ta kau da kai don kar ya ga idonta. "Shiga, malamin banza, kafin ka daskare. Saura Inna."

A ƙauyen suka kwana. Lalla Hadda ba ta amsa gaisuwarta da kyau ba, amma ta ga hannuwan Itto da suka tsattsage, ta kawo man zaitun ta ajiye mata. Da asuba ta fito tare da kawun Yidir, ta zauna gaba.

A gangara motar ta zame, bayanta ya nufi rami. Itto ba ta taɓa birki ba, ta bi ta da sitiyari a hankali har ta miƙe. Tsohuwar ta damƙe mata hannun riga.

"Sannu, 'yata. Sannu."

Ana sallame Juma'a suka tsaya ƙofar gida, unguwa duk ta fito kallo. Assu ya dubi motar, ya dubi 'yarsa, ya ce a shimfiɗa darduma. Aka sha shayi, aka shafa Fatiha, aka sa biki bayan ƙanƙara ta narke.

Lalla Hadda ta haɗa hannuwan Itto da Yidir cikin nata. "Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka. Kai kuma, Yidir, in ka ɓata mata rai, da ni za ka yi."

"Amin!" in ji Gwaggo Tuda, ta rangaɗa guɗa.